Jarin Kawuna Ya Salwanta A Tailan, Wani Tsoho Mabiyin Buddha Yana Ce Min Wahala Makaranta Ce

Salam Anti, barka da ƙoƙari. Dan Allah a sakaya sunana. Shekarata 31, ina da mata da yarinya ɗaya a gida. Harkar dutse mai daraja nake, safayar Mambila nake kawowa Tailan ina saidawa a garin Cantaburi. Jarin na kawuna ne ƙanin mahaifiyata, shi ya riƙe mu tun rasuwar babanmu, shanunsa ya saida ya damƙa min. Zuwan baya lafiya lau aka samu alheri. Wannan karon bayan na saida kayana sai wani dillali da muka saba ya kawo min yankakkun duwatsu da araha yace mai su a matse yake, ban kai gwaji ba na zuba kuɗin kaf. Ashe wasu na masana'anta ne, wasu kuma da gilas aka cike su. Dillalin ya kashe waya. Yau wata biyar ina ce wa kawu kasuwa ce tayi sanyi, matata ma bata sani ba, bizata ta ƙare kusan wata biyu, bana barci bana iya cin abinci, wani lokacin ji nake dama in ɓace kowa ya huta. Akwai wani tsoho mai yankan dutse a ƙasan ɗakina, mabiyin Buddha ne, yace yayi shekaru yana zuhudu a daji kafin yayi aure. Shi ke kawo min shinkafa, yana ce min wahala makaranta ce in mutum ya tsaya ya dube ta, ya koya min in zauna shiru ina lura da numfashina kuma gaskiya ina jin sauƙi. Yanzu yace in bishi gidan ibadarsu na daji inyi kwana goma. Anti sauraronsa ya taɓa min imani? In je ko kar in je? Ya zanyi da kawu?

Wa alaikas salam ƙanina. Sannu, wallahi sannu. Kafin mu taɓa maganar dutse ko ta tsoho, akwai layi ɗaya a wasiƙarka da ya tsaya min a rai, inda kace dama ka ɓace kowa ya huta. Babu wanda zai huta ƙanina, ba kawu ba, ba matarka ba, balle 'yar yarinyar nan. Idan wannan tunanin ya wuce na gajiya ya fara zama kana tsara yi wa kanka wani abu, to daren yau kar ka kwana kai kaɗai, sauka wajen tsohon nan ko ka kira wani ɗan uwa cikin 'yan Afirka da kuke kasuwa tare ka faɗa masa ƙarara yadda ka faɗa min, kuma Tailan suna da layin lafiyar ƙwaƙwalwa 1323, tsohon zai iya yi maka tafinta. Mutumin da ya ɗau watanni baya barci baya ci, ƙwaƙwalwarsa ƙarya take masa, komai sai ta nuna masa ya ninka girmansa.

Toh yanzu maganar tsoho. Ni dai daga abinda ka rubuta banga mugu ba, naga dattijo wanda ya ga baƙo yana ramewa a saman kansa ya ɗauko shinkafa da abinda ya sani ya miƙa masa. A Tailan sama da kashi 90 cikin ɗari mabiya Buddha ne, kuma al'adarsu ce namiji ya aske kansa ya saka mayafin nan ruwan goro ya zauna gidan ibada na wani lokaci, da yawa sukan yi wata uku na damina su dawo gida, wasu su zarce shekaru kamar naka. Masu zuhudun nan dokoki 227 suke bi, basa cin abinci in rana ta raba, da sassafe zaka gansu a layi ba takalmi da ƙwaryarsu mutane na zuba musu shinkafa, nasan ka sha ganinsu a Cantaburi. Saboda haka in yace maka wahala makaranta ce ba magana ce ta fatar baki ba, da ita ya rayu. Amma inaso ka fahimci me suke nufi da ita, dan naga kamar ka ɗauki rabin ka bar rabin, kuma rabin da ka bari shine mai ɗacin.

Shi wanda suke bi ɗin, Buddha, sunansa Siddhartha Gautama, ɗan sarauta ne da aka haifa a Lumbini cikin Nepal ta yanzu, kusan shekara 2,500 da suka wuce. Yana da shekara 29 ya bar gida, yayi shekara shida yana azabtar da jikinsa da yunwa har ya zama ƙashi da fata, daga ƙarshe ya gane azabtar da kai bata kai mutum ko'ina, ya karɓi abinci ya ci, abokan zuhudunsa su biyar suka yi fushi suka tafi suka barshi. Da ya zo yi musu wa'azinsa na farko a Sarnath kusa da Baranasi, abinda ya fara da shi shine akwai hanyoyi biyu da ya kamata a guje wa, nutsewa cikin jin daɗi da kuma gallaza wa kai. Ka riƙe wannan da kyau, dan ƙin cin abincin da kake da kwana ido biyu kana zagin kanka, ko a wajen su ba horon kai bane, ba kuma shi zai dawo da saniya ko ɗaya ba.

Akwai misalin da suke bayarwa da ya dace da kai sosai. Sukace mutum ne aka harbe shi da kibiya, maimakon a tsaya a cire sai aka ƙara masa ta biyu a daidai wajen. Ta farko ita ce abinda ya same ka, ba yadda zakayi da ita, kowa sai ya sha irinta. Ta biyu kuwa ita ce wadda zuciya ke ƙarawa, dama ban yi ba, ni wawa ne, me za a ce a gida, na gama yawo. Kibiyarka ta farko rana ɗaya ta same ka, ranar da aka duba duwatsun akace ba na gaske bane. Amma wata biyar ɗin nan fa? Duk sanda wayar kawu ta shigo gabanka ya faɗi ka shirya sabuwar magana, duk sanda matarka ta tambaye ka yaushe zaka dawo kace ana nan ana fama, wannan duk ta biyu ce, kuma hannunka ne a kan bakan. Ban faɗa dan in ƙara maka nauyi ba, na faɗa ne dan ita ce wadda kake da ikon tsayarwa.

Wani babban malaminsu na daji a nan Tailan ɗin, Ajahn Chah, wanda ya rasu a 1992, ya kan raba wahala gida biyu, wadda ke haifar da wata wahalar da wadda ke kai mutum ƙarshen wahala. Ina kyautata zaton irin wannan tsohonka yake nufi. Ba kowace wahala ke gyara mutum ba ƙanina, mun sha ganin wanda asara ta maida shi maƙaryaci ko mashayi ko mai jin haushin kowa. Wadda kake ciki yanzu ta farkon ce, ɓoyo yana haifar ƙarya, ƙarya tana haifar tsoro, tsoro ya hana ka zuwa imigireshan, kwanaki suna taruwa. Ta biyun kuma ita ce ɗacin da zaka sha in ka ɗau waya kace kawu na yi ɓarna. Zafinta yafi, amma tana da ƙarshe.

Kuma ga abinda nake so ka je ka tambayi tsohon da bakinka. A koyarwarsu zaman shirun nan ba shine matakin farko ba, tarbiyya ce a gaba, sannan nutsuwar zuciya, sannan fahimta. Ko wanda ba mai zuhudu ba yana da alƙawura biyar, kar ya kashe rai, kar ya ɗauki abinda ba a bashi ba, kar yayi lalata, kar yayi ƙarya, kar ya sha abin maye. Suna da labarin da Buddha ya je wajen ɗansa Rahula yana yaro ƙarami, ya wanke ƙafa ya rage ɗan ruwa a ƙasan moɗa ya nuna masa yace kaga ɗan ruwan nan, haka alherin wanda baya jin kunyar yin ƙarya da gangan yake, ɗan kaɗan. Sai ya watsar da ruwan yace haka yake a watse, sai ya kife moɗar yace haka yake a kife. Toh kaga in ka tafi daji kwana goma ka zauna kana lura da numfashi alhali kawu na can yana jiran kasuwa ta buɗe, ka gina ɗaki ne ba tushe, kuma ina da yaƙinin in ka faɗa wa tsohon gaskiyar cewa har yau mai kuɗin bai sani ba, shi da kansa zai ce maka fara da can. Na lura baka ce min ya san wannan ɓangaren ba.

Batun imani kuma, fatawa aikin malamai ne, kuma kana da su kusa, in ka shiga Bankok akwai masallacin Harun a unguwar Bang Rak inda 'yan kasuwar dutse Musulmi daga ƙasashe da dama suke sallah, ko ka kira malamin da ka yarda da shi a gida. Abinda zan iya ce maka a matsayin yayarka shine ka rarrabe abu biyu. Aƙidarsu daban da tamu nesa ba kusa ba, basu ginu kan Mahalicci ba, sun yarda da sake haihuwa bayan mutuwa, kuma a gidajen ibadarsu ana durƙusa wa mutum-mutumin Buddha ana rera karatu safe da yamma. Wannan ba naka bane, kar kayi shi ko dan kara. Amma dattijo yace maka ka ci abinci, ka daina ƙarya, ka zauna ka nutsu ka dubi zuciyarka kafin ka yi aiki, ni banga abinda ya rage maka a nan ba, mu ma ai muna da muhasaba, muna da haƙuri, muna da riƙon amana. Hasali ma tsoron da kake ji kar imaninka ya taɓu alama ce yana nan da ransa. Abinda nafi ji maka tsoro a kan imanin shine amanar da ke wuyanka, ba shinkafar maƙwabci ba.

Kwana goman nan dai shawarata kar ka je yanzu. Na ɗaya bizarka, na biyu halin da zuciyarka take ciki, shiru mai tsawo ga wanda baya barci kuma tunanin ɓacewa na zuwar masa yakan iya tsananta abin maimakon ya sassauta. Ka gode masa da kyau, kace masa kana da bashin gaskiya da zaka fara biya kuma addininka bai baka damar shiga ibadarsu ba, mutanen nan sun san kunya da girmamawa, bazai ji haushi ba. In kaɗaicin kake buƙata wata rana, kana da i'itikafi a goman ƙarshe na azumi, shima kwana goma ne.

Yanzu aiki. Biza ita ce mai ƙonewa, da ita zaka fara. Dokarsu tarar baht 500 (kuɗin Tailan) ce kowace rana har ta tsaya a 20,000, kai ka riga ka kai ƙarshen tarar, bazata ƙaru ba. Amma in ka haura kwana 90 ko da kai ka miƙa kanka za a hana ka shiga ƙasar shekara ɗaya, in kuwa kama ka akayi a hanya, tsarewa ce da kora da hanin shekara biyar. Kace kusan wata biyu, kenan sauranka 'yan makonni, kuma mai harkar safaya da aka rufe wa ƙofar Tailan ai an yanke masa hannu ɗaya. Ka buɗe fasfo ka ƙirga kwanakin daidai yau ɗin nan, ka nemi kuɗin tara da tikiti, in fasfon ma yana da matsala akwai ofishin jakadancin Najeriya a Bankok. Kar ka ba wani ejan fasfonka yace zai gyara maka hatimi ta bayan gida, daga nan ake faɗawa ramin da yafi wannan.

Duwatsun kuma kar ka zubar, kar kuma shaiɗan ya raya maka ka saida wa wani a matsayin na gaske dan ka rage asara, nasan tunanin zai zo in bai riga yazo ba. Ka samo takardar gwaji daga ɗakin gwaji sananne, GIT ko GIA ko AIGS duk suna Bankok, ko na dutse biyu uku ne in kuɗi bai kai ba. Takardar nan zata yi maka amfani biyu, shaida ce in za a kai ƙara, shaida ce kuma a gaban kawu cewa ba ci kayi ba cuta akayi maka. Ka adana hirarku da dillalin da hotuna da rasit in akwai. Ka faɗa wa manyan 'yan Afirka na kasuwar, Cantaburi ba wani girma gare ta ba, masu zama a teburan titin Si Chan Juma'a zuwa Lahadi sun san juna, sau da yawa su ke iya zaƙulo mutum. Sai dai ka shawarci lauya ko ofishin jakadanci kafin ka tunkari 'yan sanda tunda bizarka a mace take. Kuma kar ka ɗora ranka kan dawowar kuɗin, in sun dawo alhamdulillah.

Sai kawu. Ka sa kanka a matsayinsa minti ɗaya. Mutum ne da ya riƙe marayu ya saida shanunsa, ba yaro bane, wata biyar ana ce masa kasuwa tayi sanyi, ka ɗauka bai fara zargin komai ba? Wataƙila abinda yake tunani ma yafi gaskiyar muni, wataƙila yana zaton ka cinye ne ko ka ƙara aure a can. Zai yi fushi, yana da haƙƙin yayi, zai iya yin faɗa ya kashe waya ya ɗau sati baya ɗauka, ka barshi. Amma abinda zai fi ƙona masa rai ba shanun bane, wata biyar ɗin ne, kuma duk ranar da ka ƙara tana ƙara masa. Kar ka tura saƙon murya, kar kuma ka bari yaji a bakin wani. Ka fara faɗa wa mahaifiyarka in tana raye ko wani babba da kawu ke jin nauyinsa, ya zauna kusa da shi, sannan ka kira. Ka faɗi abu uku ba kwana-kwana, kuɗin sun salwanta, laifina ne da ban kai gwaji ba, na kuma ɓoye maka dan tsoro da kunya. Kar ka fara da dillali, ka fara da kanka. Daga nan kayi shiru ka bari ya faɗi duk abinda zai faɗa.

Maganar biya kuma kar ka yi alƙawarin da bazaka iya ba dan kawai a huce. A fiƙihu in jari aka baka na ƙiradi, asara kan mai dukiya take sai in mai juyawa yayi sakaci ko ya saɓa sharaɗi, toh siyan kaya da kuɗin gaba ɗaya ba gwaji, da wuya a ce ba sakaci, musamman in yarjejeniyarku ta kai kaya ka saida ce kawai. Ku zauna gaban malami ya duba yadda kuka yi tun farko, abinda ya hau kanka a rubuta, a tsara biya kaɗan kaɗan. In kawu ya yafe wani abu alherinsa ne, kai dai kar ka nema.

Matarka ma tana da haƙƙi, kuma ita ce aka fi mantawa a irin wannan. Tana can tana lissafin kuɗin da babu su, ƙila har tana cin bashi da sunan in ka dawo. Ka faɗa mata rana ɗaya da kawu, kar taji a tsakar gida.

Horon kai da tsohon ke magana, ga yadda zaka ɗauke shi daidai ƙarfinka. Suna da labarin wani almajiri Sona da ya matsa wa kansa da tafiyar ibada har tafin ƙafarsa ya fashe yana jini, Buddha ya tuna masa da molon da yake kaɗawa kafin ya bar gida, in tsirkiya tayi tauri da yawa bata sauti, in ta saki ma bata yi. Kai yanzu taka ta kusa tsinkewa. Saboda haka ƙananan abubuwa, amma kullum. Ka tashi asuba kan lokaci, bayan sallah da azkar ka zauna minti goma kana lura da numfashin tunda kace yana maka amfani, in tunanin dillali yazo ka lura yazo ka dawo, ba sai ka kore shi da faɗa ba. Ka ci abinci sau biyu ko ba daɗi. Ka fita ka taka da yamma. Ka ajiye waya nesa da katifa. In ka samu sati biyu barcin bai dawo ba ka ga likita, ba abin kunya bane.

Da dare kuma ka ɗau biro da takarda. A wannan zaman dai da Rahula, Buddha ya tambaye shi amfanin madubi, yace dubawa, yace toh haka zaka riƙa duba aikinka kafin kayi, da lokacin da kake yi, da bayan ka gama, zai cuce ni, zai cuci wani? In ka ga ya cutar ka bayyana wa wani babba, ka kiyaye gaba. Ka lura bai ce ka zauna kana tsine wa kanka ba. Ka koma ranar cinikin nan ka dube ta a hankali, ba dan kuka ba. Me ka ji a ƙirjinka lokacin da ya buɗe takardar duwatsun a kan tebur ya faɗi kuɗin? Kai da ka san dutse, ka san ana ƙona safaya dan a gyara launinta, ka san akwai na masana'anta fiye da shekara ɗari a duniya, me ya hana ka cewa bari mu je a gwada? Kwaɗayin riba ne, ko kunyar kar yace baka yarda da shi ba, ko son ka koma gida a ce yaron nan ya iya? Su mabiya Buddha a nan suke cewa tushen wahala yake, wannan ƙishin na sai na samu. Amsar da ka samu ka rubuta ta da gaskiya, dan abinda ya hana ka zuwa gwaji ran nan, ina zargin shine dai ya hana ka kiran kawu har yau.

Kasuwa kuma bata ƙare maka ba. Ka san Mambila, ka san Cantaburi, ka san masu saye, wannan ilimin dillali bai gudu da shi ba. In ka koma zaka iya fara dillanci ko rakiyar masu kaya a baka la'ada, ba da jarin kowa ba, har ka farfaɗo. Doka ɗaya kawai ka kafa wa kanka, ba takardar gwaji ba ciniki, ko ɗan uwanka ne ya kawo.

Kafin ka bar garin ka sauka ka zauna da tsohon nan ka bashi labarin gaba ɗaya har da ɓoyon, ka yi masa godiya irin tamu. Ka ƙirga kwanakin bizar yau, ka kira gida kafin Juma'a, sannan ka sake rubuto min ka faɗa min yadda kuka yi da kawu da kuma ko barcin ya fara dawowa. Allah ya mayar maka da alheri, ya sanyaya zuciyar kawu, ya dawo da kai gida lafiya.